Malamin da Ba Ya Ji: Sharhi a kan Darussan Maƙamat da Rera Ƙasida a Dandalin Bidiyo na Intanet

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan wani nau'in darussa da ya yawaita a YouTube da makamantansa, wato darussan koyar da maƙamat, da ƙawata murya a karatun Alƙur'ani, da rera ƙasidun yabon Annabi (SAW). An duba abin da darussan suka iya da abin da suka gaza, an auna su da ma'aunin da malaman ƙira'a suka gada, wato karɓar karatu baki da baki. Maƙalar ta tsaya a kan cewa bidiyo ya cancanci a ɗauke shi mataimakin malami, amma bai cancanci kujerar malami ba, domin yana faɗa ne kawai, ba ya sauraren ɗalibi.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk malamin da yake sauraren karatun ɗalibai a yau ya san wata sabuwar al'ada. Ɗalibi zai zauna ya buɗe baki, sai a ji muryar wani shahararren makaranci na Masar ko na Hijaz ta fito daga bakinsa, da hawanta da saukarta, har da wurin da yake jan numfashi. Idan aka tambaye shi a wurin wa ya karɓi wannan, sai ya nuna wayarsa. An kafa YouTube a shekarar 2005, kamfanin Google ya saye shi a 2006, kuma kafin a cika shekara ashirin ya zama makaranta mafi yawan ɗalibai a fannin da a da ba a koyonsa sai an durƙusa a gaban gwani.

Ba manufar wannan sharhi ba ce ta sake buɗe babin hukuncin kiɗa da waƙa. Saɓanin malamai a kansa tsoho ne, kuma mai karatu ya san inda Imamu Gazali ya tsaya a babin ladubban saurare na Ihya'u, da inda Ibnu Hazmi ya tsaya, da inda Ibnul Ƙayyim ya tsaya a Igasatul Lahfan. Tambayarmu ta fi wannan ƙanƙanta, amma ta fi shafar aikinmu na yau da kullum: shin ilimin da ginshiƙinsa sauti ne yana koyuwa daga allon waya? Idan yana koyuwa, wane ɓangare nasa ne yake isowa ga ɗalibi, wane ne kuma yake salwanta a hanya?

2.0 Abin da ake koyarwa

Maƙam a ilimin sautin Larabawa tsari ne na matakan murya da hanyar da ake bi a cikinsu. Ana gina shi daga ƙananan gungu na matakai uku zuwa biyar, kowane gungu ana kiransa jinsi. Waɗanda makaranta suka fi amfani da su bakwai ne: Bayati, Saba, Hijaz, Nahawand, Rast, Sika da Ajam, wasu kuma su ƙara Kurd ya zama na takwas. Ilimi ne mai daɗaɗɗen tarihi a wajen Musulmi. Alfarabi (ya rasu 339H) ya yi masa babban littafi, Safiyyuddin al-Urmawi (ya rasu 693H) ya tsara shi a Kitabul Adwar, Ibnu Haldun (ya rasu 808H) kuma ya ware wa sana'ar waƙa fasali a Muƙaddimarsa, inda ya lura cewa ita ce sana'ar ƙarshe da take bayyana idan birni ya bunƙasa, kuma ita ce ta farko da take ɓacewa idan ya fara durƙushewa.

Darussan bidiyon da muke magana a kansu kusan duk salonsu ɗaya ne. Mai koyarwa zai ambaci sunan maƙamin, ya ce wannan na baƙin ciki ne, wancan na farin ciki, ya rera matakansa daga ƙasa zuwa sama, wani lokaci da taimakon molon Larabawa ko fiyano, sannan ya ɗora shi a kan aya ko baitin ƙasida, ya ce a maimaita a bayansa. Daga nan sai ya nuna matakan murya uku da makaranta suka sani: ƙarar, wato ƙasa, da jawab, da jawabul jawab, wato ƙololuwa. Darasin yakan ɗauki minti goma ko ƙasa da haka, taken kuma yakan yi alkawarin cewa mai kallo zai ƙware cikin kwanaki kaɗan.

3.0 Abin yabo

Adalci ya wajabta a fara da abin da waɗannan darussa suka kawo na alheri, kuma ba kaɗan ba ne.

Na farko, sun karya shingen nisa da na tsada. Ɗalibin da yake ƙauye, wanda ba zai taɓa samun kuɗin zuwa Alƙahira ba, yanzu yana iya sauraren Shehu Muhammad Rif'at, wanda da karatunsa aka buɗe gidan rediyon Masar a 1934, da Shehu Mustafa Isma'il, da Minshawi, da Abdul Basit, duk a zama ɗaya. Yana iya mayar da jimla ɗaya sau ɗari ba tare da malami ya gaji ba, yana iya rage saurin faifan zuwa rabi ko rubu'i don ya ji yadda aka bi da wani harafi. Mata da yawa waɗanda hidimar gida ko rashin malama a kusa ya hana su zuwa majalisi sun sami ƙofa ta nan.

Na biyu, amfani da na'ura wajen adana karatu ba bidi'ar YouTube ba ce, malamai ne suka fara shi. Labib as-Sa'id ne ya kawo shawarar ɗaukar Alƙur'ani gaba ɗaya a faifai a Masar, aka kammala ɗaukar karatun Shehu Mahmud Khalil al-Husari da ruwayar Hafsu a 1961, ƙarƙashin kulawar kwamitin malaman ƙira'a da suke tsayar da shi idan sun ji abin gyara. Daga baya ya ɗauki ruwayar Warshu da wasu ruwayoyin, sannan aka yi mus'hafin koyarwa wanda ake barin fili don mai koyo ya maimaita. Abin lura a nan shi ne faifan ya fito ne daga hannun masu isnadi, kuma an tace shi kafin ya fita.

Na uku, akwai abin da bidiyo ya fi kaset da rediyo. Ishmami, alal misali, haɗa leɓɓa ne don nuni ga rufu'a ba tare da sauti ba, ido ne yake ganinsa, kunne ba ya jinsa. Makaho ba ya iya ɗaukarsa daga wani sai an kwatanta masa, haka ma mai sauraren kaset. Bidiyo yana nuna shi sarai, kamar yadda yake nuna buɗewar baki da matsayin leɓɓa a wasu haruffa. A wannan gaɓar kam, gani ya kori ji.

4.0 Aibi na farko: malamin ba ya ji

Babban abin da ya raba majalisin karatu da bidiyo shi ne majalisi hanya biyu gare shi. Malaman ƙira'a sun san sama'u, wato ɗalibi ya saurari malami, sun kuma san arlu, wato ɗalibi ya karanta malami ya saurara. Asalin wannan yana cikin ingantaccen hadisi cewa Mala'ika Jibrilu yakan yi bitar Alƙur'ani da Annabi (SAW) a kowane Ramadan, kuma a shekarar wafatinsa sau biyu suka yi. Ibnul Jazari (ya rasu 833H) da waɗanda suka gabace shi sun dage a kan cewa tajwidi aiki ne na motsa baki da horar da harshe a gaban wanda ya ƙware, ba a ɗaukarsa daga takarda kaɗai. Bidiyo yana ba da rabin farko, wato sama'u, ya bar rabi na biyu babu kowa a kansa.

Illar wannan ta fi tsanani ga Bahaushe, domin kurakuranmu sanannu ne kuma sun samo asali daga harshenmu. Harafin ladi ya daɗe yana zama lamun a bakinmu, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da lalura. Haruffan da ake fitarwa da kan harshe tsakanin haƙora sukan koma sinun ko zayun. Ha mai fitowa daga tsakiyar maƙogwaro takan narke ta zama ha ta ƙarshensa, ainun kuma ta zama hamza. Mai irin wannan kuskure ba ya jin kuskurensa, domin kunnen da zai gane shi ne bai horu ba. Zai saurari Husari sau dubu, ya maimaita da kuskurensa sau dubu, yana ganin ya yi daidai, maimaitawar ma ta ƙara kafe kuskuren a harshensa. Gwani a tsangaya yakan tsayar da almajiri a kan harafi ɗaya har sai ya fito, bidiyo kuwa ba ya tsayar da kowa.

Haka abin yake a ɓangaren sauti tsantsa. Wasu matakan maƙamat suna faɗawa ne a tsakanin matakan fiyano, abin da ake kira rubu'in sauti. A taron da aka yi a Alƙahira a 1932 ƙarƙashin Sarki Fu'ad na Ɗaya, wanda masana daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai suka halarta, an tattauna shawarar raba tsanin sauti gida 24 daidai wa daida, amma ba a cim ma matsaya ba, saboda masu sana'ar sun san cewa matakin Sika na mutanen Halab ba shi ne na mutanen Alƙahira ba, kuma matakin yakan ɗan motsa daga maƙami zuwa maƙami. Abin da manyan masana suka kasa ƙayyadewa da lissafi, kunnen malami ne kaɗai yake daidaita wa ɗalibi shi. Darasin da ya nuna maƙami a kan fiyano ya ce shi ke nan, ya ba da ƙashi ne ya bar tsoka.

5.0 Aibi na biyu: juya tsarin koyo

Manyan makarantan Masar da ake kwaikwayo sun fara ne da haddace Alƙur'ani suna yara, sannan tajwidi da ƙira'o'i a hannun shehunai, sautin kuma ya zo daga baya ta hanyar yawan saurare da zama da gwanaye. Darussan bidiyo sun juya wannan tsari. Ɗalibin da bai gyara fatiharsa ba yana iya lissafa rassan Bayati, kuma idan sauti da hukunci suka yi karo a bakinsa, hukuncin ne yake ba da hanya.

Misalin wannan a bayyane yake a babin maddi. Maddi na ɗabi'a wasali biyu ne, muttasili huɗu ko biyar a ruwayar Hafsu ta hanyar Shaɗibiyya, lazimi shida, gunna kuma gwargwadon wasali biyu. Jimlar maƙami tana da nata tsawon, kuma tana neman a rufe ta da wata irin sauka da ake kira ƙafla. Mai koyo da ya haddace jimlar sautin kafin ya haddace hukuncin sai ya ja maddin ɗabi'a ya kai huɗu don sautin ya cika, ko ya karkaɗa murya a kan wasali har wani harafi ya haifu wanda babu shi a mus'hafi, ko ya tsaya a inda ma'ana ba ta cika ba saboda nan ne ƙaflar ta faɗo. Na taɓa sauraren wani matashi mai kyakkyawar murya wanda ya tsaya a tsakiyar jimla, tsayuwar da ta juya ma'anar ayar. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce a nan ne Hijaz yake sauka.

Wannan shi ne ainihin abin da magabata suka ji tsoro. An ruwaito ƙin karatu da lahani, wato da karin waƙa, daga Imamu Malik da Imamu Ahmad, an ruwaito halaccinsa daga Imamu Abu Hanifa, an kuma ruwaito maganganu biyu daga Imamu Shafi'i. Risalar Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda kusan kowane ɗalibin fiƙihu a ƙasar nan ya karanta, ta hana karanta Alƙur'ani da karin da ake maimaitawa irin na waƙa. A ɗaya ɓangaren, hadisai sun inganta a kan ƙawata Alƙur'ani da murya, kuma Annabi (SAW) ya yaba muryar Abu Musa al-Ash'ari. Imamu Nawawi a Attibyan ya sa iyaka a inda ja ya kai ga ƙara harafi ko ɓoye shi. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya raba abin gida biyu: ƙawatawar da ɗabi'a take kawowa ba tare da tilasta kai ba, wadda ya yarda da ita, da wadda ake koyo da horo a kan ma'aunan waƙa, wadda ya ce ita magabata suka ƙi. Ko da mutum ya bi malaman da suka sauƙaƙa, sharaɗinsu ɗaya ne, wato sauti ya bi hukunci. Darasin da yake koyar da sautin shi kaɗai, ga wanda ba a san matsayin tajwidinsa ba, ya zubar da sharaɗin masu halattawa tun kafin a zo ga hujjar masu hanawa.

Akwai kuma wata da'awa da ake yawan maimaitawa a waɗannan darussa, cewa kowane maƙami yana da irin ayoyinsa: Saba ga ayoyin azaba, Ajam ga ayoyin bushara, da sauransu. Wannan ɗanɗano ne na wasu makaranta, ba ƙa'ida ce da aka ruwaito ba, kuma gabatar da shi ga mai koyo kamar wani hukunci na ilimin ƙira'a kuskure ne da ya kamata a faɗe shi a fili.

6.0 Aibi na uku: dandalin yana da tasa buƙata

YouTube kasuwa ce da take rayuwa da talla. A 2012 kamfanin ya bayyana cewa tsarin da yake zaɓar wa mai kallo abin da zai gani ya fi ba da muhimmanci ga tsawon lokacin da aka ɓata ana kallo, kuma a 2018 ya sa sharaɗin mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 a cikin shekara kafin tasha ta fara samun kuɗin talla. Wanda yake koyarwa a irin wannan wuri, komai kyan niyyarsa, yana jin matsin abin da yake jawo masu kallo. Darasi a kan mafitar ladi ba ya tara jama'a. Abin da yake tara su shi ne jawabul jawab, da dogon numfashi, da yaro ƙarami yana kwaikwayon Abdul Basit. Da zuwan gajerun bidiyo na 'yan daƙiƙoƙi sai abin ya ƙara ƙamari, ana yanko ƙololuwar karatu a watsar da abin da ya gabace ta, alhali gwanintar Mustafa Isma'il tana cikin yadda yake gina majalisi a hankali daga ƙasa har ya kai sama.

Ƙari a kan haka, yawancin faifan an yi musu kwalliya da amsa-kuwwa da na'urar gyara murya. Mai koyo yana gwada muryarsa ta gaskiya da muryar da babu ita a duniya, sai ya matsa wa maƙogwaronsa don ya kamo ta, ko ya yanke ƙauna. Kuma babu wanda yake tantance mai koyarwa. Isnadi yana amsa tambayar daga wa ka karɓa, adadin mabiya kuwa yana amsa tambayar mutum nawa ne suka kalle ka, kuma ɗalibin da yake farawa ba shi da abin da zai bambance tsakanin biyun.

7.0 Abin da muke asara a gida

Ƙasar Hausa tana da nata gadon sauti. Tsangayunmu sun ginu a kan ruwayar Warshu, da imalarta da naƙalinta da karin da gardawa suka gada. Muna da karin da ake rera Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri a daren Maulidi, da karin waƙoƙin wa'azi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da almajiransa, waɗanda Nana Asma'u ta yaɗa a tsakanin mata ta hannun jajis da 'yan taru, baki da baki, daga gari zuwa gari. Har makaɗan fada ma ta wannan hanya suke renon magada: yaro yakan yi shekaru yana amshi a bayan ubansa ko yayansa kafin a ba shi jagoranci.

Abin da ya cika dandalin bidiyo kuwa ruwayar Hafsu ce da salon Masar da na ƙasashen Larabawan Gabas. Babu laifi a ruwayar Hafsu, mutawatira ce kamar 'yar'uwarta, amma matashin da bai taɓa ganin karin garinsu a allo ba yakan ɗauka cewa na gida ƙauyanci ne. A waƙar Hausa illar ta fi fitowa, domin harshenmu yana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali. Kalmar fari tana iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko mafarin abu, gwargwadon yadda aka furta ta. Wanda ya ɗauko karin waje ya ɗora wa baitin Hausa ba tare da lura ba yakan ja gajeren wasali, ya karya karin kalma, har baitin ya fita daga ma'auninsa na aruli kuma ma'anarsa ta dushe.

8.0 Shawarwari

Na farko, a kiyaye tsari: gyaran haruffa da hukunce-hukuncen tajwidi a gaban malami tukuna, sannan ƙawata murya. Na biyu, malami ya zaɓa wa ɗalibansa abin da za su saurara, ya fifita faifan da aka ɗauka ƙarƙashin kulawar malaman ƙira'a, kuma ya sa su kawo masa abin da suka koya ya ji. Na uku, inda nisa ya hana haɗuwa, kiran bidiyo kai tsaye ya fi faifan da aka ɗauka, domin yana dawo da arlu, ko da yake jinkirin sauti da na'urar tace hayaniya sukan ɓoye gunna da wasu siffofin haruffa, don haka ya kamata masu ba da ijaza su yi taka-tsantsan a nan. Na huɗu, sassan nazarin addini na jami'o'inmu, da cibiyoyin da suke shirya musabaƙa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take jagoranta a matakin ƙasa tun 1986, su ɗauki nauyin naɗar karatun gwanayen Warshu da karin ƙasidunmu daga bakin tsofaffin da suka rage, da sunan kowane gwani da malamansa, su sa a wannan dandali. Idan ba mu cika wurin da namu ba, wasu za su cika wa 'ya'yanmu shi da nasu.

9.0 Kammalawa

Ibnu Haldun ya yi fasali a kan cewa tafiya neman ilimi da haɗuwa da malamai suna ƙara wa koyo kamala, saboda ƙwarewar da aka samu ta hanyar cuɗanya kai tsaye ta fi kafuwa. Bidiyo ya rage mana wahalar tafiyar, kuma wannan ni'ima ce da ya kamata a gode wa Allah a kanta. Amma haɗuwar tana nan da muhimmancinta, domin a cikinta ne ake jin ɗalibi, a tsayar da shi, a gyara masa, a kuma koya masa ladabin abin da yake karantawa. Ɗalibin da ya ɗauki wayarsa a matsayin abokin bita zai amfana ƙwarai, wanda kuma ya ɗauke ta a matsayin shehinsa zai fito da murya mai daɗi da kurakuran da babu wanda ya taɓa faɗa masa. Allah ne Mafi sani, kuma Shi muke roƙo Ya sanya mu cikin ma'abota Alƙur'ani.